Na Ɗauki Ciwon Jikata a Matsayin Kunyar Ɗan Fari

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru, ni tsohuwa ce da ta haura shekara sittin, wadda ta sha yawon duniya ta dawo gida, tana ganin babu wani abu da ya rage mata ta koya a sha'anin mata. A wani ƙauye na ƙasar Bunkure aka haife ni. Na auri ɗan kasuwar goro, ya tafi da ni Kumasi, muka daɗe a zango, daga baya muka yi zaman Ibadan. Bayan Allah Ya yi masa rasuwa na kama fataucin atamfa da turare da kaina, na san Kwatano da Yawunde, na zauna a Omdurman, na yi shekaru a Jidda. Ina jin Asanteci da Yarbanci, ina ciniki da Larabci, Faransanci ma ba a zagina da shi in yi murmushi. Da ƙafa ta gaji na dawo garinmu na gina ɗan gidana, mata suka riƙa zuwa neman shawara, ni kuma ina bayarwa ko ba a tambaya ba. Ban san cewa yawan gani ma yana makantar da mutum ba.

A duk inda na zauna nakan lura da yadda ake karɓar haihuwa. A Kumasi na ga mai jego ta sa fararen kaya ta fito tana nuna jaririnta ga duk wanda ya tsaya. A ƙasar Yarbawa na ga uwa tana yi wa ɗanta na fari kirari da rawa a gaban surukarta, ko ƙiftawar ido babu. A Sudan kuwa lalle da hayaƙin ƙamshi ne ake ta fama da su, mai jego tana zaune kamar amarya. Ban raina musu ba, amma a zuciyata nakan ce duk duniya babu mai kunya irin ta Bahaushiya, wadda za ta haifi ɗanta na fari ta kawar da kai, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai an ce ta ɗauke shi. Wannan shi ne abin alfaharina a baƙon wuri. Da na dawo na tarar 'yan matan zamani suna ɗaukar hoto da ɗan fari suna sawa a waya, sai abin ya riƙa ci mini rai, har na zama mai wa'azinsa a gidajen suna.

Ina da jika mace, 'yar 'yata ta fari. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ni na ƙarasa rainonta. Yarinya ce mai surutu da tsokana, ba ta kirana da komai sai 'yar Gwanja, saboda wai Hausata ta gurɓace da ta mutanen zango. Ta gama sakandare ta auri wanda take so, wani matashin manomi a Kura, mai shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Tana zaune lafiya da mutanen gidansu, har ta shiga sana'ar gumin shinkafa tare da matan gidan. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai aka dawo da ita wurina goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ranar da mijin ya kawo ta, ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa, ya ce yana da magana. Ya ce tun cikin yana wata huɗu ta canza masa, takan zauna ta zuba wa wuri ɗaya ido, takan yi kuka ba a yi mata komai ba, ta bar sana'arta, abinci ma sai ya yi da gaske. Na tambaye shi ko wani laifi ya yi mata, ya rantse bai sani ba, ita ma ta ce babu. Na yi dariya na ce masa cikin fari ne, ya koma gonarsa ya ji da tsutsar tumatir, wannan ba fagen maza ba ne. Ya yi godiya ya tafi. Har yau ina ganin yadda ya tsaya a ƙofa kamar zai ƙara wata magana, sannan ya fasa.

Wata biyun da ta yi kafin ta haihu, gidan shiru yake kamar babu ita. Ba tsokana, ba dariya. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, na ce yarinya ta girma, ta san abin da ke gabanta. Ta haihu lafiya a asibiti, namiji. Na ɗaura ɗamarar jego yadda aka yi mini. Tun da sassafe nake hura wuta da ɓuntun shinkafa in tafasa ruwa, in yi mata wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, in dama kunun kanwa, ga ƙauri ga yaji. Ta ɓangaren jiki babu abin da na rage ta da shi. Ita kuwa ba ta kallon yaron. In an miƙa mata shi ta ba shi nono, sai ta riƙe shi kamar an ba ta ajiyar wani, fuskarta na bango. In mata sun zo barka sai ta ja mayafi ta rufe kai. Ranar suna da ƙyar aka sa ta yi kwalliya. Tsofaffi suka riƙa sa mata albarka, suna cewa rabonsu da ganin irin wannan kunya tun zamanin iyayensu. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na riƙa cewa ai tarbiyyata ce, wanda ya ga duniya shi ya san darajar abin gida.

Ban tsaya nan ba. Na karɓe wayarta na kulle a akwati, wai kada ta ɓata mini jego da hira da miji. Shi kuma in ya zo, a zaure nake tsayar da shi, in kai masa yaron ya gani, in ce mai jego tana lafiya tana gaishe shi. Kunyar surukai ta hana shi cewa yana son ganinta da idonsa. Ashe da hannuna na toshe mata ƙofa ɗaya tilo da ta rage.

Sau ɗaya ta gwada gaya mini. Wata yamma ina yi mata wanka, tururi ya rufe mu, sai ta ce da ni a hankali, wai ita fa ba ta jin komai game da yaron nan, kamar an kwashe abin da ke ƙirjinta an bar rami, kuma ko yana barci ita ba ta iya runtsawa. Ta tambaye ni ko ita muguwa ce. Na tsaya da ganye a hannu na ce ta yi istigfari maza, mata nawa ne suke yawon asibiti da malamai suna neman ko ɓari ne, ita Allah Ya ba ta namiji lafiyayye tana neman yi Masa butulci. Na ce rashin barcin kuma yunwa ce, na ƙara mata kunu. Ta ce to. Daga wannan rana ba ta sake ce mini komai ba sai to. Cikin duk abin da na yi, wannan amsa tawa ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Ina da maƙwabciya, tsohuwa sa'ata, tare muka yi wasan ƙasa. Asalin gidansu Maguzawa ne, ita kuma Kirista ce, ta daɗe tana ungozoma kafin a hana karɓar haihuwa a gida. Ba ta taɓa wuce Zariya ba, kullum cikin tsiya muke, tana ce mini 'yar yawo, ina ce mata kifin rijiya. Lokacin haihuwar tana wurin ɗanta jinya, sai da aka yi mako uku ta dawo. Ta shigo barka ta zauna, ta ɗauki yaro, ta yi ta jan mai jego da wasa, ba ta samu ko murmushi ba. Da za ta tafi na raka ta, sai ta riƙe mini hannu a tsakar gida ta ce mu ɗan tsaya. Yaron ya fara kuka a ɗaki. Ta leƙa ta jikin labule ta daɗe tana kallo, sannan ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ita ta yanke cibiyar yara ba ta san iyaka ba, ta kuma san mai kunya. Mai kunya fuskarta ce take juyawa, amma idonta yana kan ɗanta, in ya yi kuka jikinta yakan zabura kafin ta tuna akwai mutane, in kuma ɗaki ya zama ba kowa har lasarsa take kamar saniya. Ta ce wannan yarinya ita kaɗai ce a ɗaki, ɗanta na tsala kuka a gefenta, tana kallon bango hawaye na zuba, wa take jin kunya, bangon? Ta ce ba lafiya ba, a kai ta asibiti.

Raina ya ɓaci. Na ce mata me ta sani, ita da ko jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba za ta koya mini jego. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce gaskiya ne na ga Jidda na ga Kumasi, saura in ga ɗakina. Ta fice.

Kwana biyu ina fushi, amma maganar ta ƙi barina. Ta tono mini abin da na manta shekara da shekaru. Lokacin da na haifi uwar wannan yarinya a Kumasi, ni ma an yaba kunyata a zango. Amma da zarar matan gida sun fita, sai in tura ƙyaure in ɗauke ta, in yi ta sumbatar tafin ƙafarta, ina kiranta da sunayen da ni kaɗai na sani. Kunyata ta idon mutane ce, a ɓoye kuwa kamar in haɗiye ta. Na san maƙwabciyata ta yi gaskiya. Duk da haka girman kai ya hana ni motsi. Na ce a raina bari a yi arba'in tukuna, kada a ce mai jego ta fita daga hannuna kafin lokaci, ni da nake gyara wa wasu.

Ba a kai arba'in ɗin ba. Lokacin ɗibar tumatir ne, gari ya watse, maza da mata duk suna gona, motoci na ta lodin kwanduna a bakin hanya. Da hantsi na shiga wani gida gaisuwar rasuwa, na ɗan daɗe. Da na dawo na tarar da yaron a kan gadona, an yi masa wanka, an sa masa kwalli, an naɗe shi tsaf. A gefensa an ninke kayansa duka, an ɗora katin rigakafinsa a sama. Ita ba ta nan. Na duba banɗaki, na duba bayan rumbu. Na saɓa yaron na faɗa gidan maƙwabciyata ko sallama babu. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba. Ta karɓi yaron ta miƙa wa matar ɗanta, ta ce mu nufi kanal ɗin ruwan noman rani, yau aka saki ruwa.

Ban san tsohuwa tana iya gudu ba sai ranar. Wasu mata masu ɗibar tumatir suka ce sun ga wata ta bi gefen babban kanal lulluɓe da mayafi. Muka hango ta zaune a bakin siminti, kusa da inda ake buɗe wa gonaki ruwa, ruwan ya cika yana gudu. Na buɗe baki zan kurma ihu, maƙwabciyata ta toshe mini baki da hannunta, ta ce in na firgita ta na kashe ta. Muka taka a hankali, ta zauna a damanta, na zauna a hagu, na kama bakin zaninta na naɗe a hannuna. Can jikata ta ce ta gaji. Ta ce yaron zai fi jin daɗi a hannuna, tunda ni na san komai, ita kuwa ko son ɗanta ta kasa, kowa na yabonta alhali ita ta san ba ta da amfani. Ta ce tun ɗazu take zaune, ba ta sani ba ko ƙarfin hali take jira ko wani take jira ya zo.

Duk harsunan da nake taƙama da su, babu wanda ya amfane ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne ta yafe mini. Na gaya mata ba muguwa ba ce, ba kuma butulu ba, ciwo ne ya kama ta, ni ce na rufe idona. Na ce na ji abin da ta faɗa mini a wurin wanka, ban saurara ba ne, yanzu ta sake faɗa ko zai kai magariba. Sai ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ban ji daga gare ta ba tun tana yarinya. Maƙwabciyata ta ce mu bar ta ta yi, wannan kukan na masu rai ne. Da ta lafa muka taso da ita, kowa riƙe da hannu ɗaya, muka bi ta bayan gari zuwa gida.

Ina shiga na buɗe akwati na ɗauko wayar na kira mijinta. Ya baro kwandunansa a gona da masu saye suna jira, ya zo a kan babur, rigarsa duk ruwan tumatir. Ya tsaya a zaure yadda ya saba. Na fita na ce masa ya wuce ɗaki wurin matarsa, yau babu surukuta. Washegari muka shiga adaidaita sahu zuwa asibiti a Kura. Wata ma'aikaciyar jinya ta saurare mu da kyau, ta tura mu Kano. Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta fi jikata da yawa a shekaru ba. Ta ce ciwon damuwa ne, yana kama mata da yawa a lokacin ciki ko bayan haihuwa, ba ya tambayar ko mace tana da imani, ko mijinta yana kyautata mata, kuma ana warkewa. Ta tambayi yaushe ya fara. Mijin ya ce tun cikin na wata huɗu. Ta tambaya ko ya gaya wa wani. Ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Na ce ya gaya mini, ni ce na kore shi. Ta rubuta magani wanda ta ce ba zai hana shayarwa ba, ta sa mana ranakun dawowa don su riƙa zama suna magana, ta ce kada a bar ta ita kaɗai, a kuma taimaka mata da yaron ta samu barci.

A gida surutu ya tashi. Wasu dangi suka ce iska ce, ta gamu da ita a bakin ruwa, a nemo turare. Wani malami ɗan uwanmu ya kashe maganar, ya ce a ci gaba da addu'a a kuma ci gaba da magani, ba su taɓa faɗa da juna ba. Wasu kuma suka sa ni a baki, wai Hajiya mai wa'azin kunya ga surukinta yana wuni a ɗakinta yana jijjiga jariri. Na ji, na ce su faɗa, na ci wannan. Makonnin farko ban ga wani canji ba, har na fara cewa ko a bar ƙwayoyin nan. Maƙwabciyata ta ce in na sake yin likita a gidan nan za ta haɗa mini kayana ta mayar da ni Gwanja. Muka ci gaba. A hankali barci ya dawo, sannan cin abinci. Wata rana ta ɗanɗana miyar da na yi ta yamutsa fuska, ta ce shekara nawa ina yawon duniya amma ban iya kaɗa kuka ba. Na shiga madafa na yi kukan daɗi. Son yaron bai sauko mata rana ɗaya ba, kamar asuba ya zo, ba wanda zai ce ga lokacin da gari ya waye. Sai da ta ƙara wata huɗu a wurina ta koma ɗakinta.

Yanzu yaron yana gudu ko'ina, ya kuma samu ƙanwa. A ciki na biyu ita da bakinta ta gaya wa masu awo abin da ya same ta a baya, suka sa mata ido tun da wuri. Ta ɗan ji nauyin zuciya bayan haihuwar, amma ta faɗa, aka tare shi, bai yi nisa ba. Ta koma gumin shinkafarta. Duk lokacin da na ji muryarta tana faɗa da yaran nan, sai in ce Alhamdulillahi, in ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Ban rubuto wannan don in zagi al'ada ba. Kunya ado ce, har gobe ina sonta, kuma wankan jego da kunun kanwa ba su suka yi laifi ba. Laifina shi ne na kula da jikin yarinya na manta da zuciyarta, na kuma fi son a yabe ni a kan in ga gaskiya. Yanzu in na tuna, a duk ƙasashen da na zauna na ga irin waɗannan mata. A Kumasi an ce da wata maita ce ta kama ta, a Omdurman an ce da wata kambun baka ne, mu kuma a nan mun sa wa tamu suna mai daɗi mun tafa mata. Suna ne ya bambanta, ciwon ɗaya ne.

Don haka ina kira ga iyaye mata da kakanni 'yan uwana masu riƙon jego. In mai ciki ko mai jego ta yi shiru fiye da halinta, kada ku yi saurin sa mata albarka, ku duba yadda take in babu idon kowa. In mijinta ya ce ta canza, ku saurare shi, shi yake kwana da ita. Kada ku raba ta da wanda take iya gaya wa damuwarta. In kuma ta yi ƙarfin hali ta ce muku ba ta jin daɗin ranta, ku ajiye ludayin ku zauna, ku ji ta har ƙarshe, sannan ku kai ta asibiti ba tare da jiran arba'in ba. Ni Allah Ya rufa mini asiri, Ya ba ni maƙwabciyar da ba ta jin tsoron bakina, Ya kuma ba ni ƙafar da ta kai ni. Ba kowace tsohuwa ce take isa bakin ruwa ta tarar da tata tana zaune ba.